Akitekca a Age of Empires II: riga ce, ba sulke ba

Tun da aka fara sauya wa tsofaffin al'ummomin Age of Empires II, wasan kwamfuta na gina gari da yaƙi, kamannin gine-ginensu, kalmar akitekca ta shiga bakin kowa. Mai sharhin gasa yana faɗinta, mai bidiyon koyar da wasa yana faɗinta, wanda ya fara wasa makon jiya ma ya ɗauka. Kowa ya san kalmar tana nufin fasahar tsara gini, ba sai mun tsaya a nan ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗora mata kaya biyu da ba nata ba. Wasu sun mayar da ita ƙarfi, wasu sun mayar da ita hukuncin tarihi.

A cikin wasan, idan an ce akitekcar wata al'umma, ana nufin ƙunshin zanen gine-gine da aka ware wa wani yanki na duniya: gida, bariki, barga, maƙera, kasuwa, jami'a, wurin ibada, ganuwa da ƙofarta. Al'ummomi da dama ke raba ƙunshi ɗaya. Lokacin da Ensemble Studios ta fitar da wasan a 1999, al'ummomi 13 ne, salon gini kuwa huɗu kacal. Birtaniyawa, Seltawa da Farankawa suka sami na Yammacin Turai. Gotawa, Tutonawa da 'yan Viking suka sami na Tsakiyar Turai. Sinawa, Japanawa da Mongolawa aka haɗa su a na Gabashin Asiya. Farisawa, Turkawa, Larabawan da wasan ke kira Sarasin, da Rumawan Gabas, wato Bizantiyawa, aka zuba su a na Gabas ta Tsakiya. A zamanin farko daga cikin zamani huɗu da ake haurawa a wasa ma babu bambanci, bukkokin kowa iri ɗaya ne. Sai an haura zamani na biyu salon ke bayyana.

Kuskure na farko shi ne mai sauƙin gyara, amma shi aka fi yi. Sai ka ji mai sharhi ya ce hari ya gagara ne saboda akitekcar wancan ɗan wasa mai ƙarfi ce, alhali zanen ginin yake nufi. Zane ba ya ƙara wa gini ko ɗigon ƙarfi. Gida itace 25 ne ko da wane irin rufi aka zana masa. Kasul, katafaren gidan tsaron nan, dutse 650 ne, sai fa ga al'ummar da aka yi wa rangwame na musamman, kamar Farankawa. Dubi Gotawa da Tutonawa. Salon gininsu ɗaya ne tun 1999, amma Tutonawa sun yi suna wajen tsaro, hasumiyarsu tana ɗaukar sojoji fiye da ta sauran, Gotawa kuwa ko ganuwar dutse ba a ba su damar ginawa ba. Rigarsu ɗaya, abin da ke ƙarƙashinta ya sha bamban.

Tushen ruɗanin shi ne akwai wata fasaha da ake bincikowa a jami'a a zamani na huɗu, ita ma sunanta akitekca, tana bin bayan fasahar ginin dutse ta zamani na uku. Waɗannan biyun su ne ke ƙara wa gine-gine juriya da gaske. Suna ɗaya, abu biyu. Bizantiyawa, waɗanda gine-ginensu ke cikin mafi wuyar rushewa, ba su da ko ɗaya daga cikin fasahohin nan biyu. An ba su ƙarin juriya kyauta ne, kashi 10 cikin 100 a zamanin farko, yana hawa har kashi 40 a na ƙarshe. Don haka mai cewa akitekcarsu ce ta cece su ya yi kuskure ta kowace fuska ya nufa.

Me ya sa ma aka haɗa al'ummomi a ƙunshi ɗaya? Aiki ne da kuɗi. Kowane gini sai an zana shi, a sake zana shi idan zamani ya sauya. Sannan dole ɗan wasa ya gane bariki da kallo ɗaya yana tsakiyar yaƙi, shi ya sa girman filin kowane gini bai canzawa daga salo zuwa salo. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma na karɓe shi. Abin da ban karɓa ba shi ne a riƙa magana kamar layukan da aka ja tsakanin yankunan nan daga tarihi aka kwafo su. Mutane ne suka zauna suka ja su, kuma sun sha gogewa suna sake ja.

Bizantiyawa ne babbar shaida. Shekara 20, daga 1999 zuwa fitowar Definitive Edition, sabunta wasan da aka yi a 2019, daular Kiristocin Kustantiniyya tana gini da salo ɗaya da Turkawan da suka ci birnin a 1453. Wurin ibadarsu a wasan ya fi kama da masallaci. 'Yan wasa sun daɗe suna ƙorafi, suna cewa an sa wa Rumawa ginin Musulmi. A 2019 aka mayar da su salon Bahar Rum, tare da Italiyawa da mutanen Fotugal da na Sifaniya, mutane da yawa suka ce an gyara kuskure. Ni ban ga an gyara komai ba, an dai sauya wani rabin gaskiya da wani rabin.

Ginin al'ajabin Bizantiyawa a wasan, wato katafaren gini na musamman da kowace al'umma ke da nata, shi ne Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekara ta 537 a zamanin Sarki Jastiniyan. Ƙubbarta ce ta zama ma'aunin da maginan Usmaniyya suka yi ta gwada kansu da shi bayan kusan shekara 1,000. Masallacin Selimiye na birnin Edirne, wanda magini Sinan ya gina a ƙarni na 16, kuma shi ne ginin al'ajabin Turkawa a wannan wasa, amsa ce ga waccan ƙubba. Tun kafin nan ma, Ƙubbatus Sakhra da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya gina a Ƙudus a ƙarshen ƙarni na 7, da babban masallacin Dimashƙa na ɗansa Walid, duk sun ɗebo daga sana'ar Rumawa, musamman adon bango na ƙananan gilasai masu ruwan zinariya. Sham da Masar lardunan Rumawa ne kafin Musulunci ya iso su, kuma maginan ƙasar ba su ɓace ba don mulki ya sauya hannu. Wanda ya ga ƙubba a garin Bizantiyawa ya ce aro aka yi musu daga Musulmi, ya juya ruwan baya. Haɗin 1999 yana da hujja, ko da masu zanen sun cika shi da adon da ya fi dacewa da Bagadaza ko Alƙahira.

Haɗin 2019 shi ma yana da tasa. Cocin San Vitale a Rabenna, wanda aka keɓe a 547, ginin Rumawan Gabas ne a ƙasar Italiya. Cocin San Marko na Benis an kwaikwayi tsarinsa ne daga wani babban coci na Kustantiniyya. Amma salon Bahar Rum na wasan ya fi karkata ga Italiya ta ƙarshen zamanin tsakiya, ba ga jan bulo da ƙananan ƙubbobin da aka san cocin Bizantiyawa da su ba. Daular da ta zauna a mahaɗar Turai da Asiya, ta ba kowane ɓangare ta kuma karɓa, ba za ta shiga aljihun yanki ɗaya lafiya ba. Duk inda aka ajiye ta, wani sashe nata zai leƙo waje. 

Inda na fi jin ciwon abin shi ne ƙidayar kanta. A 2019 Turai tana da salo huɗu: Yamma, Tsakiya, Gabas da Bahar Rum. An lura da bambancin da ke tsakanin gidan Bafaranke da na Batutone, maƙwabta da kogi ɗaya ya raba. Afirka kuwa, da aka shigo da ita a ƙarin The African Kingdoms na 2015, salo ɗaya aka ba ta, aka sa Mali da Habasha a ciki, Barbar kuma aka tura su Gabas ta Tsakiya. Tsakanin Jenne ta Mali da Lalibela ta Habasha akwai fiye da kilomita 4,000, nisan da ya zarce na Landan zuwa Istanbul nesa ba kusa ba. Kuma ba nisa kaɗai ba ne. Maginin Mali da laka yake aiki: tubali, yaɓe, da itacen giginya da ke fitowa daga jikin bango, wanda ake takawa idan lokacin sabunta yaɓe ya zo kowace shekara. Masallacin Jingarebar na Tambutu, na zamanin Mansa Musa, wajen 1327, haka yake. Babban masallacin Jenne, ginin al'ajabin Mali a wasan, haka yake, ko da yake wanda ke tsaye yau na 1907 ne a kan gurbin tsohon. Maginin Habasha kuwa dutse ne abokin aikinsa. Coci 11 na Lalibela ba a ɗora dutse kan dutse ba, sassaƙa su aka yi daga cikin dutse guda, daga sama zuwa ƙasa, a ƙarni na 12 zuwa 13. Ɗaya yana tara ƙasa ya tayar da gini, ɗaya yana cire dutse gini ya bayyana. A ce wannan salo ɗaya ne, sunansa na Afirka, ba bayani ba ne, rashin dubawa ne. Yaron da bai taɓa ganin hoton ko ɗaya daga cikinsu ba, daga wasan zai fara koyon yadda suke.

Haka aka yi wa Inka, maginan duwatsun tsaunukan Andis, waɗanda tun shigowarsu a 2013 suka shekara da shekaru sanye da salon Aztek da Maya na Meziko da Amurka ta Tsakiya. Mongolawa, mutanen tanti, suna gina gidaje masu rufi irin na Japan. Hunawa, su ma makiyaya masu yawo, ba sa buƙatar gida ko ɗaya a wasan, an girmama yawonsu ta nan, amma sauran gine-ginensu na Jamusawa ne. Biyetnam an ciro ta daga Kudu maso Gabashin Asiya an mayar Gabashin Asiya a 2019, saboda tarihinta ya fi ɗaure da Sin. Wannan gyaran ya yi daidai, kuma ya nuna masu wasan suna sauraro idan an kawo hujja.

Wasu za su ce ai kowace al'umma tana da nata ginin al'ajabi, yanzu kuma an raba wa al'ummomi kasul na kansu, me kuma ake nema? Na yaba da wannan. Sai dai ginin al'ajabi da wuya a gan shi a wasan gasa, kasul kuma sai zamani na uku. Abin da ɗan wasa ke kallo daga minti na goma har ƙarshe shi ne gidaje, kasuwa da bariki, kuma waɗannan har yanzu na ƙunshin yanki ne. Idan za a sake ware kuɗin zane, ni a nan nake so a fara: a raba Mali da Habasha, a ba Mali lakarta da itacen giginyarta, a ba Habasha dutsenta, wurin ibadar ɗaya ya zama masallaci, na ɗayan ya zama coci.