Waiwaye: yadda kansar ƙwaƙwalwa ke sayen masu gadin jiki

Idan ƙaya ta soki manomi a gonar gero a Ringim, wurin ya kan yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi. Jiki ne ke yekuwa, fararen ƙwayoyin jini suna rugowa ɗauki. Wannan yekuwar ce muguwar kansar ƙwaƙwalwa, gliyobilastoma, ta koyi yi don amfanin kanta.

Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya hango fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, wato tsiron da kansa ke yi a jiki, ya ce akwai alaƙa tsakanin kumburi da cutar kansa. Maganar ta daɗe a kwance. A 1926 likitoci Bailey da Cushing suka rarraba nau'o'in ƙarin ƙwaƙwalwa a Amurka, amma hankali na kan wuƙar tiyata ne.

Shekarar 1986 ta tayar da zancen. Likita Harold Dvorak ya kira ƙari rauni da ba ya warkewa, kuma a shekarar aka gano NF-kB, makunnin da ke kunna saƙon kumburi a cikin ƙwayar halitta. Sannu a hankali aka gane cewa ƙarin na sakin sinadarai irin IL-6, ya kira masu gadin ƙwaƙwalwa, wato ƙwayoyin da ke kare ta daga cuta, su zo faɗa su ɓige da yi masa hidima: su buɗe masa sababbin jijiyoyin jini, su kwantar da sauran sojojin jiki. Wani lokaci kusan sulusin ƙarin su ne. Mai gadi ya koma ɗan leƙen asirin ɓarawo ke nan.

Abin ya zo har shagon kemis ɗinmu. Dekzametazon, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba, su ce "sha ka fashe", shi likitoci ke ba masu wannan cuta tun farkon shekarun 1960 don sace kumburi. Baba mai ciwon kai da aman safe, wanda aka yi ta kai wa ruƙiyya ana cewa iska ce, sai ya sha ya miƙe, gida ya yi hamdala. Kumburin ne ya sauka. Ƙarin na nan yana girma.

Binciken likita Stupp na 2005 ya haɗa gashin na'ura (radiyoterafi) da maganin kansa temozolomayid, matsakaicin tsawon rayuwar masu cutar ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wanda jijjiga ta fara kamawa da girmansa, asibitin Malam Aminu Kano ya kamata a nufa da shi a ɗauki hoton kai, kafin a saya masa ƙwaya a kemis.