Gyaran sifirin da shokozoba na motar rimot a gida: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya sayi motar rimot mai manyan tayoyi ya sake ta a fili, abin da zai fara ba shi haushi ƙafafunta ne, wato sassan da ke haɗa tayoyi da gangar jikin mota. Tana taka ɗan dutse sai ta yi sama, tana shan kwana sai ta kife, in ta diro daga tudu sai ka ji cikinta ya daki ƙasa. Kayan gyara na kamfani suna da tsada, yawanci kuma sai an yi odarsu daga waje an zauna jira. Amma da filaya, da zarto, da injin huda da ɗan haƙuri, ana iya yin mafi yawan aikin a gida.

Sifirin da shokozoba ba aiki ɗaya suke yi ba?

A'a, kuma daga nan ake fara ɓata. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke lanƙwashewa in taya ta taka abu, ya kuma mayar da ita ƙasa. Sai dai shi bai san tsayawa ba: ƙarfin da ka matse shi da shi, da shi zai dawo maka. Shokozoba ita ke shanye wannan ƙarfin. A cikinta akwai fistin mai ƙananan huji yana tafiya cikin mai, to wahalar da man ke sha wajen ratsa hujin ita ke hana motar ci gaba da tsalle kamar ƙwallo. Abin da ake nema daga su biyun shi ne taya ta zauna a ƙasa. Tayar da ke sama ba ta ja, ba ta birki, ba ta juya mota.

Kowace motar rimot ce ke karɓar irin wannan gyara?

Ba kowacce ba. Motar wasan yara da aka zuba ƙafafunta haɗe da gangar jikinta a roba guda, ba abin da za ka kwance balle ka gyara. Wadda ake magana a kanta ita ce mai kwancewa gaɓa-gaɓa da sukudireba, irin na Tamiya, Traxxas da Axial, ko masu sauƙin kuɗi na Sin kamar WPL, MN da Wltoys. Ka duba girmanta a jikin kwali. In an rubuta 1/10, kashi 1 cikin 10 ke nan na motar gaske. Akwai 1/8, 1/12, 1/16 har 1/24. Kaurin waya da mai da za su dace da 1/10 za su sandarar da 1/24.

Kafin ka saya ko ka ƙera komai, cire batir, cire shokozoba huɗun, ka ɗaga motar. Ɗaga kowace ƙafa da yatsa ka sake ta. Ya kamata ta faɗo da kanta. In ta maƙale, to an ɗaure wani noti fiye da kima, ko ƙasa ta shiga gaɓa, ko sandar da ƙafar ke juyawa a kai ta lanƙwashe. Ba man da zai gyara ƙafar da ke cijewa.

Cikin motata yana dukan ƙasa in ta diro. Ba sifirin mai tauri ya kamata in sa ba?

Wannan shi ne abin da kusan kowa ke fara yi, kuma shi ya fi ɓata mota. Sifirin mai tauri a kan shokozoba marar mai ƙara tsalle yake yi, motar ta riƙa barin ƙasa a kan gargada, sitiyari ya daina jin magana. A mafi yawan lokuta mai ne ya tsinke, ko ya tsiyaye, ko hujin fistin ya yi faɗi. Ka kuma sani, taɓa ƙasa da ciki a babbar dira ba laifi ba ne a motocin tsalle. Gara cikin ya taɓa ƙasa da a ce shokozoba ce ta ƙure tun cikin bai sauka ba, domin a lokacin duk dukan a kan sandarta da mariƙinta zai ƙare.

Ga yadda ake gane sifirin ya yi daidai. Sa batir da bodi, ka danna motar ƙasa ka sake ta. In ta zauna, shokozoba ta shige kimanin kashi 1 cikin 3 na tafiyarta. Wannan ragowar ita ke ba taya damar miƙewa ta bi rami. Masu motar hawan duwatsu sukan bari ta shige rabi ko fiye, don motar ta yi ƙasa-ƙasa.

Zoben da ake cusawa a saman sifirin, wanda za ka iya yankowa daga bututun roba ka tsaga gefensa, tsayin mota kawai yake ƙarawa. Ba ya ƙara wa sifirin tauri. Mai ƙara tauri shi ne yanka: sifirin mai zagaye 10 da ke aiki, in ka yanke 2 ya rage 8, taurinsa ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ga shi kuma ya gajarce. Da yawa suna yankewa da nufin ya yi laushi, sai su sami akasin haka.

Shokozobata ba mai a ciki, sanda ce kawai da sifirin. Akwai dabara?

Akwai. Irin wannan da gogayya take aiki, kuma ita ke zuwa da yawancin motoci masu araha. Kwance ta, ka wanke, ka shafa giris mai kauri da danƙo a jikin sandar da cikin bututun. In akwai sarari, zura ɗan guntun tiyo na silikon ko zoben roba a sandar yadda zai riƙa gogar bango a hankali. Nan take za ka ga tsallen ya ragu. Aibinsa shi ne giris yana kama ƙura, don haka sai an riƙa sabuntawa.

Akan yi shokozoba da sirinji, sabo fil daga kemis ba wanda aka yi allura da shi ba. Yana yi wa ƙaramar mota mai tafiya a hankali, in ka rage robar fistin ɗin ta daina cijewa ka shafa giris. Amma riƙe mai a ciki ba tare da yoyo ba abu ne mai wuya, robar sirinji kuma ba ta jure duka. A ganina, in motarka mai gudu ce, wannan ne wuri guda da ya cancanci ka kashe kuɗi: sayi masu mai ko da masu araha ne, ka zuba gwanintarka wajen saita su. Auna tsohuwar daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji kafin ka yi oda. Motocin hawan dutse na 1/10 sukan ɗauki milimita 90 zuwa 100.

Wane mai ake zubawa? Baƙin mai na babur zai yi?

Man silikon ake zubawa, kuma ana rubuta kaurinsa a jikin kwalba da ɗaya daga cikin ma'aunai biyu, cSt ko wt. Ga motar 1/10, tsakanin 300 da 500 cSt wuri ne mai kyau na farawa. 30wt yana kusa da 350 cSt, ko da yake kamfanoni sun ɗan saɓa a lissafin wt. Baƙin mai zai yi aiki na wucin gadi, amma kaurinsa yana sauyawa sosai da zafi. Motar da ka saita da sanyin safiyar hunturu za ta zama wata daban da azahar ɗin bazara. Silikon bai cika damuwa da wannan ba. Man birki kuwa kada ka kusance shi, yana cin fenti da wasu robobi.

Wajen zubawa, ja sandar ƙasa, cika bututun, ka riƙa tura fistin sama da ƙasa a hankali ba tare da ya fito saman man ba. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙarƙashinsa. Jingine ta a tsaye minti 10 har man ya washe, sannan ka rufe a hankali rarar ta fito. In ka tura sandar ta ƙi shigewa har ƙarshe, mai ya yi yawa. In ka ji tana ƙara tana tsallake wani wuri, iska ta rage. Kada haƙoran filaya su taɓa santsin sandar, ka naɗe ta da fata ko tsumma. Ƙarzane guda ya isa ya yanka zoben roba, yoyo ya fara.

In mai kala ɗaya gare ka, da hujin fistin za ka yi wasa. Faɗaɗa huji daga milimita 1.0 zuwa 1.2 yana ƙara masa fili da kashi 44 cikin 100, don haka kaɗan-kaɗan ake yi, da hannu ake murza bakin hudar, kuma dama da hagu su zama iri ɗaya.

Zan iya naɗa sifirin da kaina?

Za ka iya, in ka sami wayar da ta dace, wato wayar ƙarfe mai tsalle da ake kira wayar fiyano. Wayar ɗauri ta magina ba ta dawowa in an lanƙwasa ta. Ɗaure ƙarfe mai zagaye a bais, wanda bai kai faɗin sifirin da kake so ba domin wayar za ta ɗan buɗe in ka sake ta, ka naɗa da tazara ɗaya, zagayen farko da na ƙarshe su kwanta a kan na kusa da su. In kana da oba, gasa shi a kimanin digiri 230 na rabin awa don ya riƙe siffarsa. Kada ka sa shi a wuta ya yi ja, zai mutu. Ka kare idonka lokacin yanka, guntun yana tashi da ƙarfi.

Kaurin waya ya fi komai tasiri. Daga milimita 1.0 zuwa 1.2, bambancin da ido da ƙyar yake gani, taurin ya ninka sau 2. Shi ya sa nake son a gwada kowane biyu kafin a ɗaura: zura su a sanda ɗaya kai da kai, ka matse. In ɗaya ya riga ɗaya shigewa, ba abokan juna ba ne.

Motocin soja na WPL masu sifirin na falle irin na babbar mota sun fi sauƙi. In sun yi tauri, zare falle ɗaya daga kowane gefe. In za ka ƙera sabo, sifirin da ke mayar da igiyar tayar da ƙaramin janareta ƙarfe ne mai kyau, kuma masu gyaran janareta suna da matattunsa. Yi hankali wajen warware shi, yana yanka. Bakinsa kaɗai za ka gasa don ya lanƙwasu ya hudu. Ƙarshe ɗaya kuma dole ya rataya a kan ɗan mariƙi mai lilo, saboda fallen yana ƙara tsawo in ya miƙe.

Sandunan da ke riƙe aksil, wato abin da ke haɗa tayar dama da ta hagu, na roba ne, suna lanƙwashewa. Da me zan maye su?

Wannan gyara yana da tarihi a harkar. Tamiya ta Japan ta fitar da motar rimot mai suna Clod Buster a 1987, mai injin lantarki 2, ɗaya a kan kowane aksil, da shokozoba 8 marasa mai. Masu ita suka riƙa ajiye gangar jikinta ta roba suna ƙera tasu da alminiyam da sanduna 4 a kowane aksil. Da irin waɗannan haɗe-haɗen gida wasan hawan duwatsu ya taso, kafin Axial ta fitar da AX10 Scorpion a 2007.

Ana yin sandar da dogon ƙarfe mai tiredi na milimita 3 ko 4, a zura shi cikin bututun alminiyam ko bututun birkin mota don kada ya lanƙwashe, a murɗa kan roba mai ƙwallo a kowane ƙarshe. Ga ƙananan motoci, wayar ƙafar keke mai milimita 2 ta wadatar. Ta dama da ta hagu su yi tsawo ɗaya daidai, in ba haka ba motar za ta riƙa tafiya a karkace. Na sama biyun su haɗu kamar harafin V, shi ke hana aksil zamewa gefe. In ka ƙara tsawo, matse ƙafar har ƙarshe ka sake ta har ƙarshe kana murza taya, ka tabbata shaf, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksil, bai zare ba bai kuma cije ba. Noti mai roba a ciki ya fi riƙo. In babu, ɗigon jan farce a kan tiredi yana hana shi kwancewa.

Tana yawan kifewa a kwana fa?

Sauke ta tukuna. Guntun tiyo na milimita 3 zuwa 5 a kan sanda, a cikin shokozoba ƙarƙashin fistin, yana rage miƙewarta, motar ta yi ƙasa. Sauke batir zuwa wuri mafi ƙasa da zai shiga. In har yanzu tana kwanciya, lanƙwasa wayar fiyano ta milimita 1.2 zuwa 1.6 kamar harafin U, tsakiyarta ta juya a jikin mota, hannayenta su kama ƙafar dama da ta hagu. Motar hawan dutse ba ta cika son wannan ba, don yana rage mata murɗewa.

Ramukan da ke jikin mariƙin shokozoba ma ba ado ba ne. Kwantar da kanta zuwa ciki yana sa ƙafa laushi, matsar da gindinta kusa da taya yana ƙara tauri.

In ƙera ƙafafun da alminiyam don su daina karyewa?

Ban goyi bayan haka ba a motar gudu. Ƙafar roba tana lanƙwashewa ta dawo, in ta karye kuma ita ce mai arha. Ta alminiyam tana lanƙwashewa ta zauna a haka, ta kuma tura dukan zuwa akwatin giya mai tsada. Inda ƙarfe ke da amfani shi ne mariƙin shokozoba na sama, kuma alminiyam mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ko farantin roba na yankan nama duk suna yi. Ɗora tsohon a kai ka zana, ka fara huda ramuka kafin ka yanke siffar.

Yaya zan kare aikin daga ƙura, kuma ta yaya zan san ya yi?

Ƙurar hunturu tana manne wa sanda mai maiƙo ta cinye zoben roba. Yanke doguwar balan-balan ka sa wa sifirin riga daga sama har ƙasa, sako-sako yadda ba za ta hana shi motsi ba. Bayan kowane wasa ka goge sandunan da busasshen tsumma, in ka ga jiƙa a gindin shokozoba ka sauya zoben.

Gwaji kuwa, ɗaga motar da batir a ciki kimanin santimita 20 ka sake ta a daɓe. Ta sauka, ta nutse, ta taso sau ɗaya ta tsaya. In ta yi ta rawa, ƙara kaurin mai. In ta sauka a sandare ko ta taso da nawa, rage shi. Daga nan ka zaɓi hanya ɗaya mai gargada da kwana ka riƙa bin ta duk lokacin da ka taɓa wani abu, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana rubuta kaurin mai da ramin da ka ɗaura a kai a ɗan littafi.