Ambaliyar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da injin zuƙe ruwa

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa sashe ne na gini da ake haƙa rami a gina shi a ciki, bangonsa na jingine da ƙasa ta waje. Ana ajiye kaya a cikinsa, ko injinan gida, ko motoci, a wasu biranen ma mutane na kwana a ciki. Da yake shi ne wuri mafi zurfi a gidan, duk ruwan da ya rasa hanya can yake nufa. Injin zuƙe ruwa kuwa ƙaramin inji ne da ake girkawa cikin wani rami a daɓen ɗakin, yana kwashe ruwan da ya taru ƙarƙashin gini yana tura shi waje tun kafin ya hau kan daɓe. Injin yana da amfani ƙwarai, amma shi ne kariya ta ƙarshe. Gidan da ya dogara da shi kaɗai yana cikin haɗari.

Yadda ruwan ke shiga

Lokacin gina harsashi, ana haƙa rami da ya fi ginin faɗi, idan an gama bango a mayar da ƙasa a cike gefen. Wannan ƙasar da aka mayar ba ta kai ta asali tauri ba, don haka ta fi shan ruwa. Idan ƙasar wurin yumɓu ce, ruwan da ya shiga ba ya samun wucewa da sauri, sai ya kwanta jikin bango, gidan ya zama tamkar an ajiye shi cikin kwano mai ruwa.

Ruwan da ya kwanta haka yana da nauyi. Idan tsayinsa ya kai mita 1, yana danna kowace murabba'in mita da ke ƙasansa da nauyin kusan tan 1. Wannan matsin ne ke tura ruwa cikin tsagar bango, da kewayen bututun da suka ratsa gini, musamman ma ta mahaɗar bango da daɓe, domin ba a zubi ɗaya ake yin kankaren biyu ba. Alamarsa ta farko sau da yawa ba ruwa ba ne, wani farin gari ne mai kama da gishiri da ke fitowa jikin bango, ko fenti ya riƙa kumbura yana ɓarewa, ko ɗakin ya riƙa warin danshi.

Rufin gida ma na da nasa kason, kuma mutane kan raina shi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 25, zai zubo da lita 2,500. In indararo na zubar da wannan duka a gindin bango, mai gida da kansa yake yi wa harsashinsa ban ruwa.

Hanya ta uku ita ce mafi muni. A tsofaffin birane da dama, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar bayi. Idan ya cika ya batse, ruwan kan dawo da baya ya ɓullo ta magudanar daɓe ko ta masan da ke ƙasa. Akwai kuma ruwan titi da ke kwararowa ta taga ko matakala, wanda ba ya ba mutum lokaci. A ranar 1 ga Satumba, 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwa kusan milimita 80 cikin awa ɗaya a birnin New York na Amurka, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suke zaune. Irin wannan ruwan babu injin gida da zai iya da shi. Abin yi kawai shi ne a haura sama tun yana idon sawu.

Rami da inji

Tsarin yana farawa ne da bututu mai huje-huje da ake shimfiɗawa cikin tsakuwa a kewayen harsashi. Henry Flagg French, wani lauya kuma manomi ɗan Amurka, shi ya yaɗa wannan dabara a littafinsa kan magudanun gona na shekarar 1859, har yau kuma da sunansa ake kiranta a ƙasashe da yawa. Bututun yana tattara ruwan ƙasa ya kai shi ramin, wanda faɗinsa kan kai santimita 45 zuwa 60, zurfinsa kuma kimanin santimita 60 ko fiye.

Injin iri biyu ne. Akwai mai nutso, wanda gaba ɗayansa ke zaune cikin ruwa: ba shi da ƙara sosai, ruwan ne ke sanyaya shi, kuma ana iya rufe ramin ruf. Akwai kuma mai tsayuwa, wanda motarsa, wato sashen lantarki da ke juya farfela, ke saman sanda a waje, farfela kaɗai ke cikin ruwa; ya fi ƙara, amma ya fi sauƙin gyara kuma yakan fi daɗewa. Da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki ake auna ƙarfin inji, na gidaje galibi ƙarfinsu sulusin doki ne zuwa rabin doki. Mai sulusin doki yakan ɗaga sama da lita 100 a minti ɗaya zuwa tsayin mita 3, kuma duk yadda tsayi ya ƙaru ko bututu ya yi yawan lanƙwasa, yawan ruwan yana raguwa.

Abin da ke tayar da injin wani ƙwallo ne mai iyo, haɗe da makunni. Ruwa ya taso, ƙwallon ya ɗaga, inji ya tashi. Ruwa ya sauka, ya mutu. A jikin bututun fita akwai bawul mai barin ruwa ya wuce gefe ɗaya kawai, don kada abin da ke cikin bututu ya koma rami da zarar inji ya tsaya. Tsakanin inji da bawul ɗin akan huda ɗan rami na kusan milimita 5 domin iska ta fita, in ba haka ba iska na iya maƙalewa, a ji mota na juyawa amma ko ɗigo ba ya fita.

Ana iya gane ko injin ya dace da gidan ta hanyar awo mai sauƙi. A ramin da faɗinsa santimita 45 ne, kowace santimita ta tsayi na ɗaukar kusan lita 1.6. A lokacin da ake tsuga ruwa, sai a kashe injin na minti ɗaya a duba: idan ruwa ya hau santimita 10, lita 16 ke shigowa a minti. Injin da ya yi ƙanƙanta ruwa zai fi ƙarfinsa. Wanda ya yi girma da yawa kuma zai riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, abin da ke saurin kashe mota da makunni.

Inda yake gazawa

Babban raunin injin shi ne wuta. Hadarin da ya kawo ruwan shi ne ke karya turakun lantarki, don haka inji kan yi shiru daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Saboda haka ake girka na biyu mai aiki da batir na bolt 12, a ɗora shi ɗan sama da na farko, tare da ƙararrawa mai kuka idan ruwa ya wuce iyaka. Akwai kuma wanda ba ya bukatar wuta, yana aiki da ƙarfin ruwan famfo na gari, sai dai yana ɓarnar ruwa mai tsabta kuma ba ya yi inda famfon ba shi da ƙarfi.

Bayan wuta, sai ƙwallon iyo. Yakan maƙale jikin ramin, ko igiyarsa ta harɗe da waya. Tsakuwa da yashi kan toshe bakin farfela, a ƙasashen sanyi kuma bututun fita na daskarewa. Duk waɗannan ana gano su da bokiti ɗaya: kafin lokacin ruwa, a tsiyaya ruwa cikin ramin a hankali har inji ya tashi, a fita waje a tabbatar ruwan na fita. Injin da ya doshi shekara 10 gara a canza shi yana da rai.

Idan ruwa ya riga ya shiga

Ba a taka ruwan sai an tabbatar an yanke wutar gidan. Idan akwatin wuta yana cikin ɗakin da ya cika, aikin ma'aikacin lantarki ne ko kamfanin wuta. In an ji warin gas a fice. Janareta ko injin fetur da aka kawo don zuƙar ruwa a waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga mai gida shi ne haƙuri wajen kwashe ruwa mai zurfi. Muddin ƙasar waje a jiƙe take sharkaf, ruwan ciki ne ke tokare bango. Aka zuƙe shi a lokaci guda, matsin waje zai rasa abin da ke tare shi, bango na iya tsagewa ko ya rufta, daɓe kuma ya ɗago. Shawarar da hukumomin agaji a Amurka ke bayarwa ita ce a kwashe kusan sulusin ruwan kowace rana.

Daga nan sai gaggawar busarwa, domin fumfuna na fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48. Ana sa takalmin roba da safar hannu, a fitar da kayan da suka jiƙe, a kunna fanka da na'urar tsotse danshi. Katifa, kafet da duk abin da ya sha ruwan masai zubar da su ake yi. Wajen wanki, ba a taɓa haɗa bilic, wato ruwan wanki mai farar da kaya, da sinadari mai amoniya, haɗin na fitar da iska mai guba. Yana da kyau a ɗauki hoton ɓarnar kafin a taɓa komai, domin inshorar gida ta yau da kullum a ƙasashe da dama ba ta biyan asarar ambaliya ko ta gazawar inji sai an sayi ƙarin kariya.

Aikin waje

Mafi yawan maganin a wajen gida yake, kuma ya fi arha. A share indararo, a tsawaita bakinsa ya zubar da ruwa mita 2 ko fiye daga bango. Ƙasar da ke kewaye ta gangara daga jikin gini, kimanin santimita 15 a mita 3 na farko. Inda ruwan masai ke dawowa, a sa bawul mai hana komowa a babban bututu. Shi ma bututun injin dole ya kai ruwansa nesa, in ba haka ba ruwa ɗaya zai yi ta zagaye tsakanin rami da gindin bango. Birane da yawa sun haramta haɗa shi da bututun ƙazanta, saboda ruwan da injinan unguwa ke turawa a ciki shi ne ke ɓullowa a ɗakin maƙwabcin da ke gangare.