Kafin a shimfiɗa karo a madafi

Aikin lafiya yana kai ni gida-gida a Garwa, kuma da na yi sallama ƙasan madafi nake fara kallo. A nan ake tsugunawa a yanka kuɓewa, a nan yaro ke rarrafe ya tsinci abu ya kai baki. Daɓen da ya tsattsage ba ya wankuwa, ko an kwarara masa ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan wanke-wanke ya kwanta a tsagar, kyankyasai su samu gida, mu kuma a kawo mana yaro da gudawa.

Kwanaki na shiga wani sabon gida, an sa karo, wato tayil, mai ƙyalli kamar madubi. Uwargida na takawa a ɗarare. Ashe ɗigon man auduga ya taɓa kayar da ita da tukunyar miya a hannu, ta nuna mini tabon a dantsenta. Maigida, mai ƙyalli na falo ne. Na madafi a nemi mai ɗan kaushi, kuma tun a shago a juya shi a ɗiga ruwa a bayansa. In ya tsotse nan take, a bar musu kayansu.

Ledar ɗaki kuwa arha ce kawai. Garwashi ɗaya ya huda ta, ruwa ya shige ƙarƙashi. A ɗaga gefenta a ji wari.

Wanda aljihunsa bai kai karo ba kada ya ji kunya. Daɓen siminti da aka goge da kyau yana shekaru, ga masana'antar siminti ta Figil a kusa da mu. Abin da ke kashe shi gaggawa ce. A zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, sai an yi masa ban-ruwa safe da yamma na kwana 7 aƙalla, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. A ce wa magini ya karkata shi santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ruwa ya bi ta magudana.

Masu gidaje kusa da kogin Binuwai, ku liƙa ƙyallen leda a kan simintin ya kwana. In da safe ya yi gumi a ƙarƙashi, danshi na tasowa, a dakata da karon.

Turmi kuma, don Allah Hajiya, a fitar da shi tsakar gida. Babu karon da ke jure tabarya.