Shafaffe da mai: wa ake shafa wa, kuma don me?

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa, da wuya ka saurari rediyo na rabin awa ba ka ji an ambaci "shafaffu da mai" ba. Wanda ya sha ƙasa a zaɓen fid da gwani ya ce shafaffu da mai ne suka murɗe masa. Matashin da ya nemi aiki ya rasa ya ce an rabe wa 'ya'yan shafaffu da mai. Wannan kowa ya gane shi, ba sai na ɓata tawada ba: 'yan mowa ke nan, waɗanda ko hunturu ya kai hunturu fatarsu na sheƙi, mu kuwa ƙafa duk faso.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ran Lahadi, a tashar nan dai, sai ka ji kalmar ta sake riga. Ɗan siyasa ya je majami'a yin godiya, ya ajiye ambulan mai nauyi, mai wa'azi ya ɗaga masa hannu ya ce ga shafaffe na Ubangiji. Shi ma mai wa'azin, ranar da wani dattijo ya tambayi inda kuɗin gini ya shiga, sai a jawo masa aya: kada ku taɓa shafaffena. Ran Litinin zagi ce, ran Lahadi kirari, amma kaya ɗaya suke ɗauke da shi, wato mutumin da ya fi ƙarfin a taɓa shi. Wannan ma'anar ce take ci mini tuwo a ƙwarya, don ba ita ce a Littafi Mai Tsarki ba.

Sunan Almasihu kansa "shafaffe" yake nufi. Ibraniyawa suka ce Mashiyak, Helenawa suka fassara shi Kiristos, inda aka samo Kirista, Larabawa suka ce Masihu. Saiwar Larabcin ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ita ce dai ta shafar kai a alwala da shafa a kan huffi, wadda maƙwabtanmu Musulmi suka sani tun a littattafan farko na fiƙihu. Manzo Yahaya kuma, a wasiƙarsa ta fari, sura 2, talakawan masu bi ya rubuta wa ya ce suna da shafewa daga Mai Tsarki. Bai ware mai lasifika ba.

To ayar da ake tsorata mu da ita fa? Zabura 105, aya 15 ce. Roƙona kawai shi ne a ja baya zuwa aya 12 a karanto. Maganar wasu mutane ake yi 'yan ƙalilan, baƙi, masu yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, ba su da ko taƙin ƙasa nasu: Ibrahim da Ishaku da Yakubu, makiyaya masu kwana a alfarwa. Sarakuna aka tsawata wa saboda su. Ke nan garkuwa ce aka ba marar ƙarfi a gaban mai ƙarfi. Yau an ƙwace garkuwar, wanda ke kan kujera ne yake riƙe da ita yana kare kansa daga gwauruwar da ta ba da baikonta, wato sadakarta ta majami'a, tana son ta ji bayani.

Masu wannan fassara sukan gudu wurin Dawuda, su ce ai ko shi ya ƙi taɓa Saul, sarkin Isra'ila. Gaskiya ne, kuma labarin ya cancanci a zauna a kansa. Saul ya ɗebi zaɓaɓɓun sojoji 3,000 yana farautar Dawuda a jejin En-gedi. Ya shiga wani kogo zai zaga, bai san Dawuda da mutanensa suna can ƙurya ba. Mutanen suka ce yau Allah ya kawo maka shi har gida. Dawuda ya lallaɓa ya yanki leɓen rigarsa kawai, ya ce ba zai miƙa hannu a kan shafaffe na Ubangiji ba. A nan mai wa'azi yakan rufe littafi. Amma labarin bai ƙare ba. Da Saul ya fita, Dawuda ya biyo shi, ya ɗaga murya, ya nuna masa ƙyallen, ya faɗa masa a fili cewa yana farautar marar laifi, ya ce Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Takobi ya mayar kube, bakinsa bai rufe ba. Taɓawar da ya ƙi ita ce kisa. Tambaya da tsawatawa ba su cikin lissafin.

Shi Dawudan kuma sau 3 aka shafa masa mai: annabi Sama'ila ya shafa masa a Baitalami yana yaro mai kiwon tumaki, mutanen Yahuza suka shafa masa a Hebron, daga baya dattawan Isra'ila duka suka sake. Duk wannan bai hana annabi Natan shiga fada, bayan Dawuda ya ɗauke Batsheba ya sa aka kashe mijinta Uriya, ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, sannan ya ce masa kai ne mutumin. Dawuda bai ce a kama shi ba. Cewa ya yi na yi zunubi. In da a wasu majami'unmu ne na yau, da tuni an dakatar da Natan daga cin Jibin Ubangiji.

Ga wani abin da ba a cika karantawa a bagade ba: a Ishaya 45, Sairus sarkin Farisa, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, an kira shi shafaffe, kuma surar da kanta ta ce bai san Ubangiji ba. Aiki aka ɗora masa, ba shaidar tsarki aka ba shi ba.

Amma inda ya fi damuna ba fada ba ne, ɗakin marar lafiya ne. A rayuwar ikkilisiya, wurin da aka umarci masu bi su yi amfani da mai ƙarara shi ne wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14. Wanda ba shi da lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, su yi masa addu'a, suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. A duba da kyau. Wanda mai ya taɓa jikinsa, wato shafaffen, shi ne na kwance a tabarma. Masu shafawa dattawa ne, jam'i, ba gwani guda ba. Su ne kuma masu tattaki zuwa gidansa, ba a ce a ɗauko shi a Keke Napep a kai shi layin ganin bawan Allah ba. Ayoyin da ke biye suna maganar furta laifi ga juna da yi wa juna addu'a. Babu farashi a ko'ina.

Ikkilisiyoyi sun riƙe wannan ta hanyoyi daban-daban. A Katolika, ƙarnuka da dama an mai da shi shafewar ƙarshe, har ganin Fada, wato limaminsu, da kwalbar mai ya zama kamar sanarwar mutuwa, sai Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta ce ya fi dacewa a kira shi shafewar marasa lafiya. A 1972 Paparoma Bulus na 6 ya yarda a yi amfani da man wani tsiro in man zaitun ya yi wuya. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta fito ne daga ɗariƙar da ta daɗe tana shafa wa majiyyata mai tare da addu'a. Ba sabon abu ba ne da ya zo da janareta da manyan lasifikoki.

Na ga bambancin da idona lokacin da gwaggona ta sami shanyewar ɓarin jiki. Wata 'yar'uwa, da kyakkyawar niyya, ta kawo ƙaramar kwalbar man zaitun da ta saya a wani taron farkawa, an manna hoton mai wa'azin a jiki, kuɗinta ya ninka na kasuwa sau da yawa. An ce mata a shafa safe da yamma, a kuma ajiye maganin hawan jini don shan magani rashin bangaskiya ne. Na so in tuna mata cewa man keɓewa na Fitowa 30, mai haɗin mur da kirfa da man zaitun, an hana kowa ya kwaikwayi haɗinsa, balle ya kasa shi a faranti. Na dai yi shiru, gidan ba wurin gardama ba ne a ranar.

Ran Laraba da yamma dattawa uku na ƙaramar majami'arta suka zo da ƙafa, mata biyu na ƙungiyar Zumuntar Mata na biye da su da kunu a fulas. Babbansu, tsohon malamin firamare, ya zauna a bakin gado. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Mama, kin sha maganinki na yau?" Da ya ji an ajiye, ya ce a kawo, ya tsaya har ta haɗiye. Ya tambaye ta ko akwai abin da ke damun zuciyarta. Ashe akwai: shekara 4 ba ta magana da ƙanwarta saboda gona. Aka ce za a aika a kira ta. Sannan ya ce a kawo mai. Na miƙa masa mai hoton, ya juya ta ya duba, ya ajiye a gefe, ya ce in ɗebo na kicin a murfin kwano.

Na ce, "Baba, na gyaɗa ne fa."

Ya ce, "Ɗana, kawo. Ba man ne zai ji addu'ar ba."

Ya ɗiga a goshinta da babban yatsa, su ukun suka ɗora hannu, suka yi addu'ar da ba ta kai minti biyar ba, matan suka ja waƙa a hankali. Kafin su tafi suka tsara wanda zai riƙa kwana da ita da wanda zai raka ta asibiti ran Juma'a. Hannun hagun bai dawo ba har ta koma ga Ubangiji, amma ƙanwar ta zo, ita ce ma ta yi jinyarta.

Kwalbar mai hoto kuwa, Gwaggo ta hana a zubar. Ta ce kuɗi aka sa. Da hunturu ya shigo, ita ake shafa mata a dugadugai saboda faso.