Waiwaye: Antibodi da farautar furotin UCP a cikin mitokondiriya

Tun a 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana ɗauke da wani abu mai kashe kaifin gubar cuta. Shi ne antibodi. Amma sai a 1941 Albert Coons a Amurka ya maƙala masa rini mai ƙyalli, ya mai da shi fitilar nemo furotin a cikin ƙwayar halitta. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij suka samar da antibodi iri ɗaya tak daga tsatson ƙwaya guda, a 1979 kuma Harry Towbin da abokan aikinsa a Basel suka fito da hanyar tace furotin bisa nauyinsa, a kwashe shi kan takarda, a sa antibodi ya nuna shi a matsayin layi a kan takardar.

Duk wannan ya zo a kan gaɓa ga masu binciken mitokondiriya, wato tashar da ke cikin ƙwayar halitta mai ƙona abinci ta samar da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin da ƙwayar ke aiki da shi. A shekarun 1970 an gano wani furotin mai nauyin kilodalton 32 (ma'aunin nauyin furotin ke nan) a cikin mitokondiriyar kitse mai ruwan ƙasa, wanda ke barin makamashi ya zube ya zama zafi maimakon ATP. Shi ne UCP1, da shi jarirai da dabbobi masu dogon barcin hunturu ke ɗumama jikinsu. Gano shi bai ba da wahala ba, domin yana da yawa a wannan kitsen.

Rikici ya taso ne a 1997, da aka gano 'yan uwansa UCP2 da UCP3. Dangin furotin masu jigila a bangon ciki na mitokondiriya duk kama suke yi da juna, nauyinsu ma kusan ɗaya, UCP2 kuwa ɗan kaɗan ne a yawancin gaɓoɓi. Sai antibodin da aka saya don shi ya cafke ɗan uwansa, layi ya fito a daidai inda ake sa rai, mai bincike ya yi murna. Kama da wane ba ta wane. A ganina, saɓanin da aka daɗe ana yi kan inda UCP2 yake da aikinsa, wani kaso nasa daga nan ya samo asali.

Maganin bai wuce gwaji a kan ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon furotin ɗin ba: in layin bai ɓace ba, antibodin ƙarya yake yi. A 2016 wani kwamitin masana ƙarƙashin Mathias Uhlén ya shimfiɗa hanyoyi biyar na tantancewa, wannan na cikinsu, fasahar CRISPR ta yanke ƙwayar gado kuma ta sa ana iya yinsa a kan ƙwayoyin ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji.