Furuta: Ƙaramar Tsabar Tagulla ta Yahudawan Dā

Furuta, wadda ake kira prutah a Ibrananci, ƙaramar tsabar kuɗi ce ta tagulla da aka riƙa bugawa a ƙasar Yahudiya daga ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ƙarni na 1 bayan haihuwarsa. Nauyinta bai cika wuce giram uku ba. Kuɗin talaka ce, irin wadda Bahaushe zai kira anini.

Sarakunan gidan Hasmoniya, wani gidan sarautar Yahudawa, ne suka fara buga ta. Ta zamanin Yohana Hirkanus na ɗaya tana ɗauke da ƙahoni biyu da ɗan rumman a tsakaninsu. Ba a sa mata hoton mutum ba, saboda shari'ar Yahudawa ta hana sassaƙa siffa. Amma wadda ta fi yawa ita ce ta Iskandar Yanayus, wanda ya yi sarauta daga 103 zuwa 76 kafin haihuwar Annabi Isa: angar jirgin ruwa a fuska ɗaya, tauraro a ɗayar. An buga ta da yawan gaske har ta ci gaba da yawo a kasuwa shekaru aru-aru bayan rasuwarsa. Shi ya sa masu tara tsofaffin kuɗi suke danganta ta da gwauruwar da aka ambata a Linjila, cikin Markus 12 da Luka 21, wadda ta zuba 'yan tsaba biyu a baitulmalin Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima. Zato ne mai ƙarfi, amma nassin bai faɗi sunan sarkin da ke jikin kuɗin ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka.

Bilatus Babunti, gwamnan Rum a Yahudiya, shi ma ya buga tasa a shekarun 29, 30 da 31 bayan haihuwar Annabi Isa. Babu sunansa a jiki, sai na Kaisar Tibariyas (a ta shekarar 29 har da na mahaifiyarsa Yuliya), tare da lanƙwasasshiyar sandar bokayen Rum ko zangarniyar sha'ir uku.

Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce ta lokacin tawayen Yahudawa a kan Rum, wanda ya fara a 66. Tana da tulu mai hannu biyu da ganyen inabi, an rubuta mata "'Yancin Sihiyona", wato Urushalima. A shekarar 70 Rumawa suka rushe Haikalin.

Yadda ake ƙera ta ya sa da wuya a sami cikakkiya. Ana zuba narkakkiyar tagulla a mazubin dutse, tsabar ta fito a jere kamar carbi, sai a buga hatimi a yanyanke. Saboda haka sau da yawa hatimin kan karkace, rubutun ya guntule, a ga ɗan tsini a gefe. Masana suna duban wannan tsinin da koren tsatsar da ƙasa ta sa mata wajen bambance ta gaske da jabu, don jabun ya yi yawa a shagunan 'yan yawon buɗe ido. Dokar kayan tarihi ta Isra'ila ta 1978 ta mallaka wa gwamnati duk abin da aka tono daga wannan shekara zuwa gaba, kuma fitar da tsabar waje sai da takardar izini.